Yadda kyamarar dijital ta rage wa Kawu faɗin situdiyo

Kawuna ya fi shekara ashirin yana ɗaukar hoto a Mai Wurno kafin hannunsa ya taɓa kyamarar dijital. Wanda bai san garin ba, a Sudan yake, a bakin kogi kudu da Sinnar kaɗan, kakanninmu ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, har gobe Hausa da Fulatanci ake yi a suk ɗin garin, wato kasuwa, ana haɗawa da Larabci. Situdiyon Kawu ɗaki ɗaya ne, tsawonsa mita huɗu da rabi, labule mai zanen bishiyar dabino a bango, kujera ɗaya, fitilun filasha biyu da lema, shi kenan. Rabin aikinsa kuma ba a ɗakin yake ba, a gidajen mutane ne: biki, lalle, suna, saukar karatu, tarbar alhazai.

Kayan aikinsa a lokacin Nikon FM2 ce da lensi uku na hannu, mu nan adasa muke cewa, wato mai milimita 28, 50 da 105. Sai wata tsohuwar F-601 da wani alhaji ya sayar masa, ta zo da zum, wato lensi mai matso da abu ya nesanta shi, 35-70 mai fokas da kansa, ita kam bai cika ɗaukarta ba. Kowane lensi da aikinsa kuma aikin bai taɓa canzawa ba. Taron dangi a tsakar gida 28 ne. Mutum a tsaye daga rawani har takalmi 50 ne. Hoton fuska na fasfo da na takardun makaranta 105. Kawu baya tunani a kan wannan, ƙafarsa ma ta san inda zata tsaya.

Abin da ya tura shi dijital ba sha'awa bace. Fim ne ya fara wuya. Konica da ya saba saye ta sanar tun 2006 cewa ta bar harkar, sauran ma sai an yi cigiya, ga shi dole ya ba direba fim a kai birnin Madani a wanke a dawo da shi bayan kwana biyu ko uku, alhali yara sun fara yawo a wurin biki da ƙananan kyamarori suna nuna wa amarya hotonta nan take. Ranar da mai wankin hoton ya ce masa injinsa yanzu daga memori ya fi bugawa, ranar Kawu ya saduda.

To ka san halin da ake ciki lokacin, takunkumin Amurka na kan Sudan tun 1997, irin waɗannan kaya a Khartum tsada kamar me, don haka kowa ta Saudiyya yake bi. Yayana yana Jidda. Kawu ya kira shi ya ce masa magana ɗaya tak: “Ɗana, ka samo min Nikon dijital wadda lensina za su shiga.” Yaya ya tafi kasuwar Balad, ya tambayi mai shago, mai shago yace za su shiga, kuma bai yi ƙarya ba, bakin da Nikon ke ɗaura lensi a kai tun 1959 shi ne dai har lokacin bai canza siffa ba. Aka sayi D3100 sabuwa fil, watanninta kaɗan da fitowa, da zum ɗinta 18-55 da ake haɗowa a kwali, wajen dala 700 a farashin lokacin. Wani maƙwabcinmu da ya yi Hajjin 2010 ya taho da ita a jakar tsarabarsa.

Kuma walimar dawowar wannan alhajin ce aikin farko da aka yi da ita. Kawu ya kalli 18-55 ɗin, ya ji shi shafal a hannu, roba har bakinsa, yace wannan abin wasan yara ne, ya mayar kwali ya ɗaura 28 ɗinsa na ƙarfe. Ya shiga daidai har da ƙas. Da ya kunna sai kyamara ta rubuta wai babu lensi a jikinta, ya danna ta ƙi ɗauka. Ya kira ni ina Madani ina karatu a Jami'ar Jazira, nace Kawu juya ƙaramin faifan nan na sama zuwa M, wato saiti da hannu. Ta ɗauka. Amma ma'aunin haske ya mutu murus, ba ya nuna komai. Wannan bai dame shi sosai ba, mutumin da ya shekara ashirin a ranar Sinnar ya san in fim 100 ne rana tsaka buɗin lensi f/16 ne da saurin ɗauka 1/125 ko da an tashe shi daga barci. Abin da ya rikita shi na gaba ne. An jera mutum goma sha huɗu sahu biyu, alhaji a tsakiya, Kawu ya tsaya inda ya saba tsayawa a irin wannan tsakar gida, ya leƙa, sai ya ga mutum biyu na dama da biyu na hagu babu su. Ya ja baya, ya ƙara ja, har ya bangaji randar ruwa, bayansa ya manne da katanga, duk da haka kafaɗar ƙanin alhaji a waje take. Ƙarshe raba su ya yi gida biyu. Da daddare ya sake kirana yace an cuci yayanka, kyamarar nan tana da mushkila, tana cinye gefen hoto.

Ranar Alhamis na hau mota na taho. Abin da na fara yi shi ne aron tef ɗin awo wurin tela na kusa da shi, Kawu yana kallona kamar na zare.

Ga abin da ke faruwa, kuma wallahi duk maganar lensi tsakanin fim da dijital a nan take. Fuskar fim ɗin da Kawu ya saba da shi faɗinta milimita 36 ne, tsayi 24. Sensa, wato abin da ke kama hoto a madadin fim, wadda ke cikin D3100, da duk ire-irenta da Nikon ke kira DX, faɗinta 23 da ɗoriya ne, tsayi 15 da ɗoriya. Lensi bai san an canza masa komai ba, yana jefa hoto yadda ya saba, sai dai tabarmar da aka shimfiɗa masa a baya ta ƙanƙance, tsakiyar kawai take kamawa gefe ya zube. Shi ya sa ake cewa ka ninka lambar lensi sau ɗaya da rabi ka san yadda zai yi maka gani. A Canon masu ƙaramar sensa 1.6 ne. Kenan 28 ɗin Kawu ya koma gani irin na 42, 50 ya koma 75, 105 ya koma kusan 158. Ba wai lensin ya ƙara ƙarfi bane kamar yadda wasu masu shago ke cewa don su ji daɗin ciniki, yanka aka yi.

Amma Kawu ba mutumin “ya koma kamar” bane, sai da muka yi shi da tef. Lissafin mai sauƙi ne: nisanka da mutum, sau faɗin sensa, raba da lambar lensi, shi ne faɗin abin da zai shiga hoto. A tsakar gida yakan samu mita huɗu. Da fim, 28 na ba shi mita biyar da ɗan kai, sahu biyu na mutum bakwai-bakwai su shiga har da sarari. A sabuwar kyamara mita uku da kwata kawai yake samu, kaga mutum huɗun da suka ɓace kenan. Kafin ya dawo da faɗinsa na da sai ya tsaya a mita shida da wani abu, wato cikin gidan maƙwabci. A situdiyo ma haka. In ka cire tazarar da ke tsakanin mutum da labule da wurin da shi Kawu zai tsaya, mita uku ce ta rage. Da 50 a kan fim, kyamara a tsaye, yana kama sama da mita biyu, dogon mutum da rawaninsa ya shiga tsaf. Yanzu ƙasa da mita ɗaya da rabi yake kamawa, daga gwiwa zuwa sama. Ya zauna a kujerar kwastoma yayi shiru, can yace “To ɗakin ne ya yi kaɗan kenan.” Nace eh Kawu, ko ka rushe bango ko ka canza lensi.

Sai na ciro abin wasan yaran daga kwali. Na sa shi a 18, muka fita tsakar gidan tela, mita huɗu, na tara yaran unguwa na jera su. Mita biyar da ɗan kai, daidai abin da 28 ke ba shi a da, don 18 sau ɗaya da rabi 27 ne. Ma'aunin haske ya farfaɗo, fokas na yin kansa shiru ba ƙara. Bai ce komai ba amma bai mayar da shi kwali ba.

Zum 35-70 ɗin F-601 kuwa shi ne ya fi ba ni haushi, don na ɗauka shi ne zai fi dacewa tunda mai fokas da kansa ne. Ashe irin na da ne, wanda ɗan injin da ke juya shi a jikin kyamara yake, akwai wani ɗan ƙarfe kamar bakin sukudireba da ke fitowa ya juya lensin. D3100 bata da wannan injin, haka D40 da D3000 da D5000, su sai lensin da aka rubuta AF-S a jikinsa mai injinsa a ciki. Ma'aunin haske na aiki da shi, fokas kuwa sai da hannu, ga shi ya koma gani daga 52 zuwa 105, ba faɗi ko kaɗan. Da D90 aka sayo da ya juya. Amma ita ma D90 bata auna haske da lensin hannu irin na Kawu, sai ka hau D7000 ko D300 ko tsohuwar D200. Wannan ne abin da “za su shiga” ta ɓoye, shiga daban, aiki daban, kuma laifinmu ne, mu muka yi tambayar rabi.

Daga nan aka shiga shawara, kuma ka san shawara a bakin suk kowa malami ne. Wani yace a mayar da ita Jidda a ƙara kuɗi a karɓo D7000. Na ƙi wannan, ita wajen dala 1,200 ce ba lensi, kuma sensarta DX ce dai, zata gyara maganar ma'aunin haske amma bangon nan yana nan inda yake. Wadda zata mayar wa Kawu da duniyarsa yadda take, lensi uku kowa ya koma aikinsa, ita ce D700 mai sensa girman fim, kuma in gaskiya za a faɗa ita ce amsar tambayar da ya yi wa Yaya tun farko. Sai dai ta fito a 2008 a kan kusan dala dubu uku, hoton fasfo nawa zaka ɗauka a Mai Wurno kafin ka mayar? Wani kuma, wanda ya fi kowa surutu, yace a sayi 18-200 a huta, lensi ɗaya ya yi komai. Kawu har ya fara karkata can. Nace masa kuɗinsa ya fi na kyamarar da lensinta gaba ɗaya, kuma matsalar da ta rage mana ba nisa bace, haske ne, shi kuwa duhunsa ɗaya da wanda ke hannunmu.

Maganar hasken kuwa a daren lalle ta fito fili. Zum ɗin kwali in ka buɗe shi a 18 f/3.5 ne, in ka ja shi zuwa 55 ya koma f/5.6. Tsohon 50 ɗin Kawu f/1.8 ne, wato hasken da yake sha ya kusa ninka na zum ɗin sau goma a wannan nisan. A tsakar gida da fitila biyu da janareta, mata na rawa, wannan bambanci ba ƙarami bane. Eh, dijital ta zo da sauƙin da fim bai da shi, kana iya ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske, daga 100 zuwa 1600 tsakanin hoto da hoto ba sai nadi ya ƙare ba, kuma zum ɗin na da VR mai rage rawar hannu, amma VR rawar hannunka yake tarewa, ba ya tsayar da mai rawa. Hotuna suka fito hannayen amarya da aka sha wahalar yi wa lalle sun zama hayaƙi. Ya koma 50 ɗinsa, sai ga wata sabuwa: fokas. A FM2 in ka leƙa akwai da'ira a tsakiya mai raba hoto biyu, ka juya har su haɗu ka san ka samu. A sabuwar babu ita, tagar leƙen ƙarama ce kuma da ɗan duhu, sai wani ɗigo kore a ƙasa da zai kama in ka dace. Ga idon mutum mai shekara hamsin da wani abu, da daddare, lensi a buɗe, rabin hotunan kunne ne ya fito tar ido ya dushe.

Abin da muka tsayar a ƙarshe bai da wani armashi. Lensi ɗaya kawai aka saya, 35 f/1.8 na DX mai AF-S wanda ya fito a 2009, kuɗinsa wajen dala 200. Ganinsa kamar 52 ne, kenan shi ya gaji kujerar tsohon 50: a mita ukun situdiyo yana kama kusan mita biyu, mutum a tsaye ya shiga sai dai in dogo ne sosai Kawu ya ɗan jingina da ƙofa, kuma da daddare yana shan haske yana fokas da kansa. Zum ɗin kwali ya gaji 28, shi ne na taro da duk aikin rana, in ka tsuke shi zuwa f/8 ba mai cewa na roba ne. Tsohon 50 kuma ya samu ƙarin girma ya gaji 105, ya zama na fasfo, daga mita ɗaya da rabi kai da kafaɗa cif. Kuma a situdiyo rashin ma'aunin haske ba komai bane tunda fitilun ba sa canzawa, sau ɗaya muka gwada muka samu f/8 muka rubuta a bango. Don maganin fokas Kawu ya samo fenti ya yi alama a siminti, nan ƙafar kujera, nan ƙafafun kyamara, ya saita lensin sau ɗaya ya naɗe shi da salatif. Wannan dabarar tasa ce ba tawa ba.

Inda na yi kuskure shi ne 105. Nace a sayar, ba shi da sauran aiki, a ɗakin nan sai ka ja can baya kafin ya kama kai da kafaɗa. Kawu yace a'a ba tare da ya ba ni dalili ba. Da Mauludi ya zo a watan Fabrairun 2011 ya tafi da shi fili wurin zikiri da la'asar, ya tsaya can nesa bayan tutoci inda ba zai takura kowa ba, ya ɗauko fuskokin dattawa suna cikin hali, gumi a goshi, ido a rufe, baya ya narke. A zamanin fim bai taɓa samun wannan kusancin ba sai ya kutsa cikin sahu. Da yawa fokas ya kuɓuce, amma tunda ba fim yake ƙonawa ba sai ya yi ta ɗauka, waɗanda suka fito kuwa muridai suka yi ta zuwa a buga musu babba. Yankan da ya cuce shi a tsakar gida shi ya yi masa rana a fili.

35 ɗin ya iso hannun wata gwaggonmu da ta dawo Umra, kuma Allah Ya taimaka aka saya a lokacin, don bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle a watan Yulin 2011 man fetur ya tafi da ita jine, kuɗin Sudan, ya fara zubewa, duk abin da ake sayowa da riyal ya zama sai a hankali.

Sauran abu ɗaya da ba wanda ya gaya mana sai da muka gani, ƙura. A fim kowane hoto sabon wuri yake samu, in ƙura ta hau ɗaya nadi ya wuce da ita. Sensa kuwa tana nan daram, abin da ya zauna a kanta zai bi ka kowane hoto. Kawu ya saba canza lensi a ko'ina, a tsaye a rana, ya riƙe ɗaya a hammata. Da lokacin habub, guguwar ƙura, ya kama wajen Mayu da Yuni sai ga wani baƙin tabo a wuri ɗaya a duk hoton da aka tsuke lensi, kuma ka san mu da farar jallabiya, tabon sai ya zauna daidai ƙirjin ango. Kyamarar na girgiza sensar da kanta in an kunna amma ƙurar nan tamu ta fi ƙarfin girgiza. Na same shi yana shirin hura mata iska da baki ya goge da gefen rawani, na riƙe hannunsa nace Kawu don girman Allah. Muka sayo 'yar robar nan mai hura iska a kantin magani. Daga ranar ya sa wa kansa doka, in zai fita da rana zum ɗin kwali ne a kai ba ya sauka, in dare ne 35, canji sai a ɗaki, kyamara a kashe, bakinta na kallon ƙasa. Wannan kaɗai ya sa na daina ganin baiken masu son lensi ɗaya ya yi musu komai a ƙasa irin tamu, ko da yake har yanzu ina ganin da an sayi 18-200 ɗin da daren lalle bai gyaru ba.

Abokin Kawu na Sinnar da ya zo ganin yadda aka ƙare shi tasa ta fi zafi. Canon AE-1 gare shi da lensi huɗu na FD, bakin Canon na da, ita kuwa Canon ta canza baki gaba ɗaya tun 1987 da ta fito da EOS, lensinsa ko shiga ba za su yi ba, adaftar da ke haɗa su sai mai gilashi a ciki kuma tana rage kyan hoto. Abin dariyar shi ne lensin Nikon na hawa Canon da zoben ƙarfe kawai ba gilashi, saboda an gina su su zauna nesa da fim da milimita biyu da rabi fiye da na EOS, zoben ya cike tazarar. Ta nan 28 ɗin Kawu ya samu mai saye. Wani yaro ɗan Umdurman mai ɗaukar bidiyo da Canon ya ji labari ya zo har gida, su masu bidiyo lensin hannu suke nema don zoben fokas ɗinsa na juyawa sumul. Suka daidaita a kan 28, Kawu ya ƙara masa 35-70 ɗin kyauta don ya rabu da shi. Yaron na shirin tashi sai idonsa ya faɗa kan 105 a kan tebur, ya ɗauka ya juya shi a hannu yace Baba wannan fa nawa? Kawu ya miƙa hannu ya karɓe, ya mayar masa da murfi, ya juyo gare ni yace “Ɗan nan, ƙara wa baƙo shayi.”